Kafin Baiti na Uku Ya Ƙare

Ban taɓa ganin kaya mai wulaƙanta mutum irin diraif ɗin nan ba. Ɗan akwati ne baƙi, bai wuce tafin hannu ba, a cikinsa muke zuba duk bidiyon da muka ɗauka, tunda cikin laftof ɗina ya daɗe da cika. Ka soka masa waya, 'yar fitilarsa ta kama, ya fito a fuskar laftof kamar mutumin kirki. Kana dulmiya cikin aiki sai ka ji ƙis, ya ɓace. Na sauya rami, na sauya waya, na hura masa iska da baki, na ɗaure bakin wayar da roba, na zage shi da Hausa na ƙara da yaren uwata, duk a banza.

Sunana Eunice, ina da shagon ɗaukar bidiyo a Sabon Tasha, bayan kasuwa. Biki, suna, jana'iza, taron coci, duk abin da ya samu muna yi. Mai riƙe mini kamara kuwa Abubakar ne, ɗan Tudun Wada, can tsallaken kogi. Musulmi ne da ba ya wasa da salla, amma ya shiga coci-cocin kudancin garin nan fiye da wasu dattawan ikilisiya. Dogo ne mara hayaniya, irin wanda za ki yi masa masifa ki gaji yana kallonki yana murmushi, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan.

Aikin da ke hannunmu a makon zaɓen nan shi ne bidiyon 'yan kwayar cocinmu, wato mawaƙan coci. Baba Shekari, shugaban kwaya, ya tsara sabuwar waƙa, ya kuma hana kowa rera ta a waje sai ranar ƙaddamarwa. Ranar ɗauka muka kwashe su zuwa wani fili a bakin kogi, sai aka tarar mutum ɗaya bai zo ba a layin maza. Baba Shekari zai iya yafe maka kuskuren murya, amma giɓi a layi, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai yarda ba. Ya dubi Abubakar daga sama har ƙasa ya ce, "Malam, tsayinka ya yi daidai. Sa rigar nan ka tsaya a baya, ka riƙa motsa baki kawai." Abubakar ya kafa kamara a kan ƙafarta, ya bar ni ina gadi, ya zura doguwar rigar kwaya. Mata suka yi ta sheƙa dariya, shi ma yana taya su.

Da waƙar ta ƙare kowa ya shiga surutu, kamara tana ta ɗauka ba wanda ya tuna da ita. La'asar ta yi. Abubakar ya cire rigar ya ninke, ya yi alwala da ruwan leda, ya tsaya yana waige-waigen abin shimfiɗawa. Sai Mama Tony, wata dattijuwa da ke tsayawa a layi na biyu, ta kwance zanenta na sama ta shimfiɗa masa a kan yashi. Ya yi sallarsa tsaf, a tsakiyar hoto. Mun ce za mu yanke wurin idan mun zo gyara, amma diraif ya hana mu kaiwa ko'ina, don haka bidiyon yana nan ɗanyensa yadda aka ɗauko shi.

Ranar da gari ya hargitse, Abubakar ya yi sammako ya zo, don ya rantse sai ya gano ciwon diraif ɗin. An ɗauke wuta, laftof tana kan batir, abin ya yi ta yankewa kamar yadda ya saba. Da batir ya yi ƙasa sai ya zagaya bayan shago ya ja janareta, ya dawo ya soka caja. Muka kunna waƙar, ta tafi sumul, ba ko tangarɗa. Yana kallo, can ya miƙa hannu ya zare cajar. Ƙis, diraif ya ɓace. Ya mayar da cajar, diraif ya dawo ya zauna daram.

"Anti, kin gani? Yunwa yake ji," in ji shi. "Idan laftof tana kan batir, wutar da take ba shi ba ta isar sa. Idan akwai caja, lafiya lau. Ba shi da wani aljani."

"Aljanin ai kai ne, da ba ka gane ba sai yau," na ce. Amma na ji daɗi har cikin raina.

Ƙarar janaretan ce ta hana mu jin garin. Sai da ƙanwata ta kira tana kuka, ta ce ana kashe mutanenmu a tsallaken kogi, samarin nan ɓangaren kuma sun tare babban titi suna ramuwa, sannan na leƙa waje. Duk shagunan layin a kulle. Hayaƙi baƙi yana tashi ta wajen titi, wata mata ta wuce a guje da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce wa Abubakar ya shige ƙarƙashin tebur. Ban kai ga jan ƙofa ba suka iso. Wani ne ya nuna musu shagona, har yau ban san ko wane ne ba, kuma har yau ban yafe masa ba.

Yawancinsu baƙin fuska ne. Amma na gabansu na san shi tun yana yawo da gajeren wando: Tony, ɗan Mama Tony, wanda ke aiki a wata masana'anta a Kudenda, can yake kwana, ba kasafai yake shigowa unguwar ba. Ƙanensa Ernest yana da shago a tsallake, kuma wayarsa ta daina shiga tun safe. Idanun Tony sun kaɗa sun yi jajur, yana riƙe da guntun rodi. Kusa da shi akwai wani gajere mai faɗin ƙirji da na ji suna kira Wilson, da adda a hannu, yana warin giya da ranar Allah.

Wilson ya bangaje ni na faɗa kan kujera. Suka kamo ƙafar Abubakar suka ja shi waje, kansa ya bugu da dakalin ƙofa. Kafin in miƙe sun rufe shi da duka, masu gora, masu dutse, masu ƙafa. Na ga Tony ya ɗaga rodin ya sauke masa a fuska, na ji ƙarar a cikin haƙorana. Jini ya wanke masa gefen dama gaba ɗaya. Wani ya mirgino taya ya rataya masa a wuya, wani ya zaro katin zaɓe daga aljihunsa ya ɗaga sama yana ihu, "Abubakar! Sunansa Abubakar!"

Na kutsa cikinsu na faɗa a kansa, gora ta same ni a baya.

"Ɗan kwayarmu ne!" na ce. "Ɗan ƙauyenmu ne! Tony, kai ne yau za ka kashe mutum saboda suna? Kawunka ba Ibrahim ba ne sunansa? Ba dattijon coci ba ne?"

"Na lie!" in ji Wilson da turancin buroka. "Madam, shift! Make e talk Addu'ar Ubangiji."

"Wannan kowa ya haddace yanzu," in ji Tony. Muryarsa ta dushe. Ya zungure Abubakar da rodi. "Kai! Wane coci kake zuwa?"

 Abubakar yana durƙushe, jini yana ɗiga daga haɓarsa zuwa kan tayar. Bai taɓa buɗe baki ya ce shi Kirista ne ba, a ranar ko a wata rana. Ni ce na faɗa.

"Zo ka gan shi da idonka a bidiyon kwaya," na ce wa Tony. "Yana tsaye a bayan uwarka."

Wannan ya tsayar da shi. Suka cika ɗan shagona, suka jawo Abubakar suka yasar a bakin ƙofa da tayarsa. Na danna waƙar. Ganga ta tashi, ga 'yan kwaya cikin rigunansu, ga kogi a bayansu. Mama Tony tana rausaya a layi na biyu, a samanta kuwa ga Abubakar, dogo, cikin riga, yana buɗe baki daidai da kowa. Na ji wani a baya ya ce, "Kai, shi ne fa."

"To ka gani ai," na ce, na kai hannu zan tsayar.

Tony ya cafke wuyan hannuna ya murɗe har na yi ƙara, ya ture ni gefe ya zauna a kujerata. "Saurin me kike yi, Anti? Bar shi ya tafi har ƙarshe." Wilson ya manna ni da bango, ya ɗora mini gefen adda a maƙogwaro.

 Waƙar baiti uku ce. Bayan na uku akwai dariya, sai cire riga, sai alwala. Na kafa wa 'yar fitilar diraif ido ina roƙon Allah ya yanke shi. Abin da ya hana ni sakat tsawon makonni, wanda ko tari ka yi kusa da shi sai ya ɓace, yau ga shi yana tafiya kamar sabo, don Abubakar ya gyara shi da hannunsa. Baiti na ɗaya ya wuce. Aka shiga na biyu. Janareta yana ta guɗa a bayan shago cikin ƙoshin lafiya, na tsani ƙarar nan kamar in mutu.

Na san abin da za ku ce, ai uwarsa ce ta shimfiɗa zanen, wataƙila da ya gani zuciyarsa ta yi sanyi. Ni ma na yi wannan tunanin a tsaye a wurin. Amma na dubi sauran fuskokin, ba wanda uwarsa ke cikin bidiyon.

Daga waje wani ya ɗaga murya, "Ina fetur? Wa ke da fetur?" Wani ya amsa cewa wanda suka zo da shi ya ƙare a kan motocin titi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Fetur kuke nema? Ga shi can a janareta, yau da safe na cika shi. In ƙarya nake yi ku ƙone mu tare, ni da shi." Na dubi Wilson ido cikin ido. "Ko kai ɗora wa mace adda kawai ka iya? Jarumin banza. Je ka kwaso mana, in ka isa!"

Ya ɗauke ni da mari da gefen addar, na ji haƙori ya motsa, bakina ya cika da jini. Amma ya sake ni ya fita a guje. Na juya na ga Abubakar yana kallona da idon da ya rage masa. Na ɗauka zai tsine mini ne. Sai na ga idon ya sauka a kan cajar laftof, ya dawo kaina. Ya gane. Wannan kallon ya fi marin yi mini ciwo, don ni kaina ban san ko ceton sa na yi ko na sayo masa wuta ba.

Ganga ta juya, aka ɗauko baiti na uku. Layin farko ya wuce. Na ji ana kokawa da murfin tanki a baya, ana zagi. Layi na biyu ya fara. Sai janareta ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Fanka ta tsaya, hasken laftof ya ragu.

Ƙis.

Hoton ya daskare a kan 'yan kwaya, kowa baki buɗe, sannan ya ɗauke gaba ɗaya.

"Me ya faru?" in ji Tony. Ya daki tebur. "Dawo da shi!"

Kafin in amsa Wilson ya dawo da roba cike, ko tambayar kowa bai yi ba ya juye wa Abubakar tun daga ka. Fetur ya shiga cikin raunin fuskarsa, ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya dunƙule yana birgima da tayar a wuya. Wari ya cika shagon. Waɗanda ke bakin ƙofa suka ja da baya.

Tony ya fizgo ni ya dangwarar a gaban laftof, ya ɗora mini rodi a kafaɗa. Na zare waya na mayar. Fitila ta kama, diraif ya fito, na danna, ƙis. Na sauya rami, ƙis. Na hura bakin wayar, na danne ta da yatsa, na yi duk abin da na saba yi, kuma da gaske nake yi, don yana kallon hannuna. Kowane ƙis sai na ji numfashina ya dawo kaɗan.

"Ba ya zama sai da caja," na ce. "Sai an ja janareta."

"To ku ja janareta!"

"Da me? Fetur ɗin ga shi can a jikinsa."

Wilson ya fito da ashana yana kaɗa kwalin. "Oga Tony, time dey go. Mu gama da shi kawai."

Tony ya tashi ya je ya tsuguna a gaban Abubakar, takalminsa cikin fetur. Ya daɗe yana kallon sa.

"Waƙar nan ba ta fita ba," in ji shi. "In ba ɗan kwaya ba, ba wanda ya san ta. Ni ma a bakin Mama nake jin ta in tana rera ta a ɓoye wurin girki. In kai ɗan kwaya ne, ƙarasa."

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar ashanar Wilson. Abubakar ya tofar da jini. Motsa baki kawai aka ce ya yi a ranar ɗauka, amma Baba Shekari ya sa an maimaita waƙar har rana ta karkata, diraif kuma ya sa mun ji ta har ta gundure mu. Ya ɗago kai, leɓɓansa a kumbure, murya tana rawa:

"Ruwa ya kai mini wuya, ya Ubangiji,
ƙafata ba ta taɓa ƙasa.
Idan ka fitar da ni gaɓa,
ba zan manta hannun da ya riƙe ni ba."

Ba shi da murya, bai taɓa samun ta ba. Amma ko kalma ɗaya bai kuskure ba, har ɗan jan da Baba Shekari ke so a yi a ƙarshe sai da ya ja. Na tsaya ina kuka kamar wata sakarya, jini da majina suna haɗuwa a haɓata.

Tony ya miƙe. "Ba ni ashanar."

"For wetin? Waƙa ce kawai!"

Wilson ya zaro tsinke ɗaya. Tony ya sauke masa rodi a wuyan hannu, kwalin ya tarwatse a ƙasa, Wilson ya durƙusa yana ihu yana zagin uwar kowa. Da an ƙara ɗan lokaci da junansu za su sara. Sai aka ji ihu daga babban titi cewa an tare wata babbar mota cike da mutane. Suka kwasa a guje kamar an buɗe wa awaki ƙofa, har da Wilson yana riƙe da hannunsa.

Tony ne ya fita a ƙarshe. Ya fizge diraif ɗin da wayarsa ya cusa a aljihu.

"Zan kalla har ƙarshe, Anti," in ji shi. "In ƙarya ce, na san shagonki."

Na ja ƙofa na datse. Na cire wa Abubakar tayar, na tuɓe masa riga, na yi ta zuba masa ruwa ina wanke fetur da sabulu, yana cije leɓe. Daga titi muna jin abin da ake yi wa mutanen motar. Ba zan faɗa muku ba. Na dai san wasu daga cikin muryoyin masu ihun murna, na san iyayensu, na ɗauki bidiyon bikin wasu. Da yamma sojoji suka shigo layin, na fita da hannuwana a sama na roƙe su. Suka sa shi a bayan mota cikin zanena, suka tsallaka gada da shi. Ya dai ɗaga mini hannu.

Bayan an sassauta dokar hana fita na buɗe shago, don ba ni da wurin gudu. Kowace inuwa ta gitta ƙofa sai gabana ya faɗi. Ba a ga Ernest ba, ko gawarsa. Mama Tony ta dawo daga ƙauye inda ta je zaɓe, ta daina zuwa kwaya, ƙaddamarwa kuwa ba wanda ya sake tayar da maganarta.

Wata rana da hantsi ina goge kamara sai ga Tony a bakin ƙofa. Ya rame. Ba rodi a hannunsa. Ya shigo ya ajiye diraif ɗin a kan tebur a hankali, ya naɗe masa wayarsa tsaf.

"A babbar kwamfutar ofishinmu bai yanke ba ko sau ɗaya," in ji shi. "Na kalla har ƙarshe."

Na ajiye kamara. Na ce a raina to, yau ce.

"Zanen Mama ne," ya ce. "Ni na saya mata shi da Kirsimeti." Ya kalli dakalin ƙofa, inda tabon fetur bai gama fita ba. "Yana raye?"

"Yana raye. Idon da ka fasa shi ne wanda yake leƙa kamara da shi. Likita ya ce sai haƙuri."

Ya shafa fuska da tafin hannu. Sai kuma ya ɗago da wani guntun fushi, kamar ni ce na yi masa laifi.

"Me ya sa ba ki bari na gani ba a ranar, Anti? Uwata ce fa. Da na gani..."

"Da ka gani, da ka hana su?"

Ya buɗe baki. Na ba shi lokaci, don da gaske ina so in ji. Ya dubi diraif ɗin, ya dube ni, ya rufe bakin. Ya juya ya fita, ya tsallake tabon da ke kan dakalin bai taka ba.